Geum-rye Mai Kifi da 'Yar da Ta Ƙwato

Shekara talatin da ɗaya teburin Pyo Geum-rye na jikin nawa a kasuwar kifi ta Mokpo. Ta girme ni da shekara huɗu, shi ya sa nake ce mata Yaya. Duk kasuwar an san tana da 'ya ba ta taɓa aure ba, don ita ke fara faɗa kafin a faɗa mata.

A 1976, tana ɗinki a wata masana'antar riguna a Masan, ta yi ciki. Saurayin ya tafi aikin soja, ya aiko da wasiƙa mai layi biyu cewa bai san zancen ba. Wanta ya kai ta wani gida da ake ɓoye irinsu har su sauka. Ranar haihuwa, tana cikin jiri, aka kama babban yatsanta aka dangwala a takarda. Da ta farfaɗo, babu jaririya.

"Turai za ta, gidan masu hali," in ji shugabar gidan. "Ke me za ki ba ta? Ko sunan uba babu."

Mai sharar gidan ce ta raɗa mata cewa kafin a sa jarirai a jirgi, hannun masu raino ake ajiye su, ta kwatanta mata wata unguwa a Busan. Geum-rye ta sulale ta ƙofar kicin da silifas ɗin wata. Kwana shida tana bin lungu tana duba igiyoyin shanya, duk inda ta ga tsumman jarirai sai ta ƙwanƙwasa.

A rana ta shidan, wata dattijuwa mai raino ta buɗe, ta tsaya tana kallon gaban rigar Geum-rye da nono ya jiƙa.

"Baba, tana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu. Na gani kafin su ɗauke ta."

"Jarirai ashirin da uku na raina, ba wanda uwarsa ta taɓa biyo sawu," in ji dattijuwar. "Zan je sayen awara. Ƙofar nan kuwa ba ta kulluwa."

Dattijuwar na fita, Geum-rye ta shiga ta ɗauko 'yarta. Wanta ya aiko mata kada ta ƙara taka gidansu, ko ranar tunawa da mahaifinsu. Sai ta zo Mokpo da goyo, ta raɗa wa yarinyar Dal-rae, ta sa aka rubuta ta da sunan gidansu na Pyo.

Kasuwa ba ta raga mata ba. Mai gishiri takan ɗaga murya, "Ga budurwa mai goyo nan!"

"Ni ce kuwa! Ke mai miji, ina yake? Ko yau ma yana kwance ƙofar mashaya?"

Da malamin makaranta ya tsayar da Dal-rae gaban aji a kan ta bar gurbin sana'ar uba fayau, Yaya ta tafi da takalmin robarta, ɓawon kifi har gwiwar hannu. "Malam, rubuta mai sayar da kifi. Uban da uwar duk ni ce." Ya rubuta.

Dal-rae yanzu ita ke tuƙa jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirai. Ranar aurenta Yaya ce ta riƙe hannunta har gaban ango, mu 'yan kasuwa muka cika layi uku muna sharar hawaye.

Gwiwa ta hana Yaya zaman tebur, amma ba ta zauna gida ba. Waɗanda aka kai ƙasashen waje suna jarirai sukan dawo neman iyaye, ba sa jin yarenmu, sai 'yar takarda a hannu. Ita ke ciyar da su, ta ja su ofis-ofis tana buga sanda a ƙasa har a fito da fayil. Bara ta gano wa wata mahaifiyarta a wani ƙauyen masu noman albasa. Mahaifiyar ta ce ba za ta iya fitowa ba, mijinta bai san da zancen 'yar ba. Yaya ta shiga, ta same ta a gona, suka yi awa biyu zaune a kan kunyar albasa. Sai ga su sun fito tare wurin 'yar.