Yaron da Ke Toshe Kunne

Ɗana yana da kalma shida a bakinsa ranar da na kai shi gidan mai ruƙiyya. Bayan kwana tara na ɗauko shi babu ko ɗaya. Ni na kai shi da ƙafata, ni ne kuma na riƙe masa hannuwa.

Kalmomin ba su da wuyar lissafi. Inna. Baba. Mota. A'a. Kuli, wato kyanwar maƙwabta. Sai hari, ruwa ke nan da Zabarmanci, don uwarsa Bazabarma ce haifaffiyar Yamai. Shekararsa biyar a lokacin. Sa'o'insa suna surutu har su gundure ka, shi kuwa shidan nan ne, su ma ba kullum ba. Baba ta fi wuyar fita. In ya faɗe ta ba ya kallon fuskata, ƙafata yake kallo ko bango, amma na san da ni yake.

Aikina niƙa ne. Na baro ƙauyenmu na Arewa shekarar da gero ya ƙi, ina saurayi, riga ɗaya gare ni. Na yi dako a kasuwa wajen Maourey a nan Yamai, na yi garuwa, daga baya na ƙetare gada na samu aiki a shagon niƙa a Harobanda. Mashin ɗin ya ci min yatsa biyu a shekara ta farko. A hankali ya cinye kunnen hagu gaba ɗaya, ya bar min rabin na dama. Masu niƙa suna cusa auduga a kunne kafin su tada mashin. Ni na daina tun da daɗewa, don babu sauran abin tsarewa.

Matan unguwa ba sa kirana sai da kurma.

"Kai kurma, laushi na ce! Wannan ai tsakuwa ka ba ni."

"Hajiya, haƙoranki ne suka ƙare."

"Ka ji shi! Wannan kam ya ji. Abin da yake so yake ji."

Mai mashin ya ba ni ɗaki a bayan shagon, bango ɗaya ya raba mu da injin. Na ɗauke shi sa'a babba. A ɗakin aka haifi yaron, a jikin bangon nan ya girma, mashin yana aiki tun hantsi har faɗuwar rana.

Tun yana ƙarami ya bambanta. In ka kira sunansa ba ya waiwayowa. Yana jera marafan kwalba a ƙasa, layi ɗaya miƙaƙƙe, in ka taɓa ɗaya sai ka ce ka yanke shi. Ba ya cin komai sai farar shinkafa da burodi. Mafi yawan yini kuma yana tsugune a kusurwar da ta fi nisa da bangon, hannu biyu a kunne, yana rausaya gaba da baya. Wani lokaci ya buga kai da ƙasa. Na ce taurin kai ne, zai daina. Ni ma ba a lallashe ni ba.

Wata Juma'a na ce ya isa zuwa masallaci. Uwarsa ta sa masa sabuwar riga, na ja shi muka tafi tare da yayana, wanda ke da shagon yadi a Maourey. Muka samu wuri a waje, ƙarƙashin amsa-kuwwa. Liman yana fara huɗuba yaron ya ƙwalla ƙara, ya toshe kunne, ya faɗi yana birgima tsakanin sahu. Mutane suka janye tabarminsu. Na ɗauke shi a kafaɗa yana dukana, na rasa sallar ranar.

Da la'asar yayana ya zo gida. Bai zauna ba.

"Ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Yaya."

"Yaron da ke toshe kunne in ya ji sunan Allah, ba shi kaɗai ba ne a jikin nan. Kana zaune kana niƙa wa mata gero, iska tana cinye maka ɗa."

Matata tana bakin murhu. Ba ta saba sa baki in yayana yana magana ba, amma ranar ta sa, ta juyo wajena.

"Malam, ba karatun ba ne. Ƙara ce. In kabu-kabu ya wuce haka yake yi. In ka tada mashin haka yake yi. Ni in ina karatu a ɗaki har kan sallayata yake kwanciya."

Na ce, "Wace ƙara?"

Da gaske na tambaya. Ni mashin a wajena kamar motsin jini ne, ba na jin sa sai in ya tsaya.

Yayana ya yi dariya. "To, ka samu malama a gida. Sai ta koya mana addini."

Kunya ta kama ni. Na ce mata ta koma kan tukunyarta. Ta koma.

Mai ruƙiyyar saurayi ne, a can bayan gari yake, yayana ne ya san shi. Ɗakinsa na kwano ne, babu taga, da akwatin amsa-kuwwa a kusurwa mai tsawon yaron, da mikro a hannunsa. Ya ce aljanin taurin kai gare shi, kuma shi ne ke ɗaga hannun yaro don ya kare kansa. Saboda haka aikina ɗaya ne, in zaunar da shi a cinyata in riƙe hannuwan a ƙasa. Ya ce duk ihun da zan ji ba na ɗana ba ne, kada tausayi ya karya ni.

Ni ba a karya ni da sauƙi. Hannuna ya saba da buhu.

Safe da yamma muke shiga. Ranar farko yaron ya yi ta cewa a'a har muryarsa ta dushe. Rana ta biyu ya kira Inna. Kwanon rufin yana kakkarwa, ina jin sautin a ƙirjina, amma kunnena bai dame ni ba.

Rana ta uku ya juyo da kansa ya kalle ni cikin ido. Bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya ce, "Baba." Ya sake. Ya yi ta faɗa, Baba, Baba, Baba, fiye da duk wadda ya faɗa a shekara biyar in an haɗa. Mai ruƙiyya ya ɗaga min yatsa, ya ce, "Ka gani? Ya fara sakin sa." Na yi murna. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na yi murna, na ƙara matse hannuwan.

Rana ta bakwai ya yi shiru. Ba ihu, ba motsi, hannuwan sun yi laushi ko ban riƙe ba. Mai ruƙiyya ya ce an gama, amma a ƙara kwana biyu don kada ya dawo. Muka ƙara.

Da muka iso gida uwarsa ta tsuguna ta miƙa masa kofi ta ce, "Hari?" Ya karɓa ya sha, bai ce komai ba. Ta nuna masa kyanwa a kan katanga. Bai ce komai ba. Ya koma yin fitsari a wando, abin da ya bari tun yana shekara uku. In na shigo ɗaki sai ya shige bayan randa ya ɓoye hannuwansa a hammata. Matata tana ajiye min tuwo, tana ɗauke kwano, shi ke nan. Na fi son da ta zage ni.

Yayana ya ce, "Ai ya natsu. Da haka ake farawa."

Na yarda, wata biyu na yarda, don ban ga abin da zan yi da kaina ba in ban yarda ba.

Sai bazara ta shigo, aka fara ɗauke kuran, wato lantarki. Wata rana da tsakar rana ya tafi ina cikin niƙa masara. Mashin ya tsaya, rediyon mai shayi ya tsaya, injin mai walda ma ya tsaya. Mata suka zauna kan kwanoninsu suna fifita da bakin zani. Ni ma na zauna.

Ina zaune sai ga yaron a bakin ƙofar shago. Bai taɓa taka wurin ba. Hannuwansa suna ƙasa. Ya shigo a hankali, ya bi ta nesa da ni, ya je wajen kwanon gari ya tsoma hannu. Ya ɗebo ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya sake. Fuskarsa ta saki, wata fuska ce da ban san yana da ita ba. Wata tsohuwa, mai garin, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa.

Kuran ya dawo. Ban kashe maɓalli ba da aka ɗauke, mashin ya tashi da kansa. Yaron ya faɗi kamar an harbe shi, hannu a kunne, ya buga goshi da siminti, jini ya gauraya da gari. Tsohuwar ta dake ni a baya da tafin hannu.

"Kashe shi! Kashe, kurman banza! Kai ba ka ji, shi ma kada ya ji?"

Na kashe. Uwarsa ta zo ta ɗauke shi. Ta tsaya ta kalle ni, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ban sake tada mashin ranar ba.

Da ciwon ya warke muka kai shi wajen tsohon limamin unguwarmu, wanda ya kamata in fara zuwa wajensa tun farko. Na gaya masa komai. Ya zauna nesa kaɗan da yaron, ya yi karatu ƙasa-ƙasa, har ni ban ji ba, leɓensa kawai nake gani. Yaron yana jera marafansa, bai ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Liman ya shafa addu'a ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka da ƙarfi ake shigar da maganar Allah kunnen yaro? Ka kai shi asibiti."

Lokotoron da muka samu a asibitin mace ce, ta kai awa tana kallon sa yana wasa, tana tambayar uwarsa. Ta ce sunan abin otism. Ta ce ba iska ba ce, ba baki ba ne, ba laifin uwa ba ne, da shi aka haife shi, kuma babu allurar da ke cire shi. Ta ce wasu irin yaran nan ƙara tana yi musu ciwo kamar yadda wuta ke yi wa fata, toshe kunnen nan shi ne abin da yake da shi na kare kansa. Ta ce a nema masa wuri mai shiru, a bar masa marafansa, a riƙa yin komai a lokaci ɗaya kullum, a ba shi hotuna ya riƙa nuna abin da yake so.

Na ce, "Madam, maganarsa za ta dawo?"

"Ban sani ba, Malam. Ta wasu tana dawowa, ta wasu ba ta dawowa."

"Ni na kashe ta?"

Ta ajiye biro. "Akwai yaran da maganarsu ke tafiya da kanta. Tsoro ma yana rufe baki. Ba zan iya raba maka su ba."

Ban sake tambaya ba. Ni ina ɗakin, na san abin da na gani.

Da yayana ya ji, cewa ya yi, "Lallai. Nasara sun raɗa wa aljani suna." Tun daga nan sai da salla muke gaisawa.

Na bar niƙa a watan. Mai mashin ya ce na haukace, wa ke barin ɗaki a Yamai? Muka koma wata bukka kusa da lambuna a bakin kogi, na kama aikin ban ruwa. Matata ta yanko hotuna daga jikin kwalaye ta ɗinke su da zare: kofi, shinkafa, buta, tabarma. Ta sa har da hotona na jikin kart ɗina na da, wato katin shaida. Yana nuna kofi, yana nuna shinkafa. In za mu bi ta bakin guduron, titin motoci, ita ke sa masa auduga a kunne, irin wadda na yi shekaru ina gani a shago ban taɓa tunanin ba shi ba. Ni ba ya bari in sa masa.

Bara waccan ya ce hari. Uwarsa ya ce wa, ina wajen aiki. Ta zo har lambu ta gaya min, tana kuka. Tun daga nan yakan faɗe ta jefi-jefi. Sauran biyar ɗin ba su zo ba.

Yanzu shekararsa goma sha uku, ya kusa kamo ni tsawo. Kullum da safe yana bin bayana zuwa lambu, ya zauna ƙarƙashin mangwaro ya jera marafansa. Taku uku ne tsakaninmu, shi ya sa iyakar, ba na ƙetarewa. In zan kai masa burodi nakan ajiye a ƙasa in mayar da hannuwana baya, sannan ya ɗauka. Hotona yana nan cikin sauran, shi kaɗai ne bai yi datti ba.

Ina Harobanda, a bakin kogi, ina ba ganyen salati da kabeji ruwa. Nakan yi aikin ne kunnen dama yana wajen mangwaron.