Rariyar Kaka

Shekaranjiya na shiga wani kantin Indiyawa sayen citta, sai na ga an jera rariya a bakin ƙofa, kowace an yi mata ado da jan ƙyalle da duwatsu masu walƙiya. Na tsaya ina kallo har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

A Dubai na tashi. Babana yana harkar kago, wato jigilar kaya, muna zaune a wani bene kusa da Al Warsan. Shekarar da Mama ta haifi ƙanena, Kaka ta zo daga Kano don wankan jego. Cikin kayanta har da tsohuwar rariyarta mai bakin katako, domin a cewarta garin ƙasar nan ba a yarda da shi sai an sake tankaɗewa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata amarya ce 'yar Indiya, mijinta yana tuƙa injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ba ta jin Hausa, Kaka kuma ko "yalla" ta Larabawa ba ta iya faɗa daidai ba, amma kullum suna tare, ni ce tafinta da Turancina na makaranta. Wani lokaci in na gaji, sai in ƙara nawa a ciki.

Wata rana amaryar ta shigo da lalle har gwiwar hannu, ta ce gobe matan Hindu ke azumi don lafiyar mazajensu da tsawon ransu, ba ci ba sha. Wannan ne nata na fari. A al'adarsu uwar miji ke ba da abincin asuba, tata kuwa tana can ƙasarsu. Kaka ta ce ai wannan sahur ne, ba wani abu ba. Da asuba ta dama kunun gyaɗa ta kai mata. Amaryar ta roƙi aron rariya, Kaka ta ba ta tana mita, wai wane irin tankaɗe mai azumi zai yi.

Da aka kira magariba Kaka ta ɗauki dabino da ruwan sanyi, ni ina biye. Muka iske amaryar zaune cikin jan sari, zanensu na Indiyawa, leɓenta ya bushe. Ta girgiza kai. Nasu azumin sai wata ya fito, ta kalle shi ta cikin rariya, ta kalli fuskar mijinta, sannan ta sha ruwa daga hannunsa. Ga shi mijin bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe.

"Gaya mata ta sha, rana ta faɗi," in ji Kaka. "Allah ba ya son mutum ya cuci kansa."

Na fassara. Amaryar ta fashe da kuka, ta ce in ta sha kuma wani abu ya same shi a saman injin nan fa?

Kaka ta dubi dabinon da ke hannunta. Kakana, mijinta, direban babbar mota ne, wata rana ya fita bai dawo ba, tuwonsa yana rufe a kwano. Ban taɓa jin ta yi zancen ba, a bakin Mama na ji. Kaka ta ajiye dabinon ta zauna, ta ce ita ma ba za ta ci komai ba sai yaron ya shigo.

Bayan isha'i muka hau rufin bene neman wata. Kaka ta kafa ido yamma, inda ta saba duban jinjirin watan azumi, tana faɗa wai gine-ginen nan sun cinye sama. Sai da amaryar ta kama kafaɗunta ta juya ta gabas. Lokacin ne kawai na ji dariyar amaryar a ranar. Can sai ga watan ya leƙo ta bayan rumbunan ajiye kaya, ƙato, jajir. Ba a jima ba muka ji gudu a matakala. Mijin ne, da rigar aiki, yana haki yana cewa da guntun Larabcinsa, "Khalas, shi ke nan, na zo." Cunkoso ne ya riƙe motarsu, wayar kuma caji ya ƙare.

Amaryar ta ɗaga rariyar Kaka, da sauran garin masara a gefenta, ta kalli wata, ta kalle shi. Ya ba ta ruwa. Sannan ta durƙusa ta taɓa ƙafar Kaka, Kaka tana ja da baya tana salati.

Washegari amaryar ta kawo rariyar, an wanke tas. Kaka ta mayar mata a hannu.

"Gaya mata ta riƙe. Nata mijin yana dawowa."

Wannan kam ban ƙara ko kalma ɗaya a ciki ba.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, maƙwabtan nan ma ban san inda suke ba. Gari a leda nake saya, tankaɗaɗɗe, ba ni da rariya ko ɗaya. Na ji wasu matan yanzu ta waya suke kallon fuskar mazajen. Maigidana shi ma a Jebel Ali yake aiki. In ya makara yakan kira ya ce in ci kawai, kada in jira shi. Nakan ce to, in rufe kwanon in zauna.