Yadda Na Nome Ƙamus

Furfura ta riga ta fara fito mini lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Maska. Malamarmu haifaffiyar Funtua ce, iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma Hausa a bakinta kamar tamu. Da muka iya karatun Hausa, sai ta ce duk mai son wucewa ajin Turanci za ta ba shi kalma ɗaya, ya nemo ta a ƙamus, ya zo ya yi wa aji bayani. Wanda ya kasa zai maimaita. Tawa ta rubuta ta a allo: referential.

Abokin zamana, wani mai sayar da taki, ya ce, "Malam, wannan ai sunan maganin ciyawa ne. Ka tambayi masu shago."

Na aro ƙamus a Malumfashi. Ba wanda ya gaya mini yadda ake shigarsa, ni ma ban tambaya ba. Na kama shi yadda nake kama gona, daga kunyar farko, ba tsallake. Kullum bayan la'asar ina gindin rumbu, yatsa a kan layi. Har aka yanke dawa ban fita daga harafi na uku ba.

Maiɗakina ta ce, "Malam, kai za ka ƙare littafin nan, ko shi zai ƙare ka?"

Da na gaya wa Malama inda na tsaya, ta yi dariya har da dafa tebur.

"Baba, ba a nome shi! Kamar kasuwa yake, kowane kaya da layinsa."

Ta nuna mini jerin haruffa, ta janye hannunta. Ni da kaina na iske kalmar. Ta ce tushenta daga tsohon harshen Rumawa ne, ma'anarsa a ɗauki abu a mayar da shi baya. Sauran aikin ta bar mini.

Ranar bayani na miƙe gaban aji. Na ce, "Idan baƙo ya tambayi gonata, cewa nake, ka san tsamiyar bakin rafi? Ba tsamiya yake nema ba, amma ita za ta kai shi. To, duk maganar da aikinta nuni ne zuwa ga wani abu daban, da wannan kalmar Bature yake siffanta ta. Ba suna ba ce, ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an jingina ta da wani abu."

Malama ta sa na sake faɗin kalmar, harshena ya karya ta biyu, na ɗinke ta.

Ta ce, "Baba, ranar Litinin ajin Turanci za ka."

Ban hau babur ba ran nan. Da ƙafa na koma gida, ta hanyar da ta fi mutane.