Ɓerayen Yaya da Man Kifin Kaka

Ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da yayana ya sauke mana fararen ɓeraye a gidanmu na Haɗeja ba. Yajin aiki ne ya rufe jami'arsu yana tsakiyar binciken kammala karatu, bai kuma sami mai kular masa da su ba.

Ni da ba na ganin abu in ƙyale, na tasa shi gaba da tambaya. Ya ce keji ɗaya abincinsu da maiƙo, ɗayan kuma babu ko ɗigo. In an koma makaranta za a haska musu irin hasken da ake gasa ciwon daji da shi, a ga waɗanda jikinsu zai fi jurewa. Abin ya tsaya mini a rai. Ashe man da muke zubawa a miya zai iya zama garkuwa? Kullum ina tsugune gaban kejin ina neman bambanci.

Bambancin kuwa ya ƙi fitowa. Marasa maiƙon ma sai sheƙi suke, suna tumbi. Yaya ya auna, ya sake aunawa, ya rasa gane kansu. Wata ranar da la'asar ya kai hanci kusa da kejin marasa maiƙon, sai ƙarnin kifi ya buge shi.

Kakarmu ko musu ba ta yi ba. Duk ranar da aka soya tarwaɗa, takan kankare kaskon ta kai musu.

"Kai dai miji ne marowaci," in ji ta. "Baƙi biyu a gidana, wannan da miya, wancan gaya? Ba a gabana ba."

Na so in yi dariya, amma da na ga idon Yaya ya kawo ruwa sai tausayinsa ya kama ni. Aikin ya rushe. Abokansa suka tafi bautar ƙasa, shi ya koma farko da sababbin ɓeraye.

Ranar da zai tafi ya zauna ya yi mata bayanin da bai taɓa yi mata ba. Sai ta ce da ya faɗa mata tun farko, da ta sa an kai kejin inda idonta ba zai gani ba.

Ni ya yi wa bayani don na iya tambaya, ya tsallake mai riƙe da kaskon. Tun daga nan na koyi cewa in kana da abin da kake tattali a gida, fara sanar da wanda ya fi kowa tausayi.