Ranar da Baba Ya Shiga Filin Ƙwallo

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da yammacin da muka shigar da mahaifina filin ƙwallo na Sakkwato.

Baba tela ne a unguwar Gidan Dare, kuma ban taɓa ganin mai son ƙungiyar garinmu kamarsa ba. Tutocin da magoya baya ke kaɗawa ma shi ke ɗinka su kyauta. Amma fa ba ya shiga kallo. Sau ɗaya ya taɓa shiga yana saurayi, aka yi mana ruwan ƙwallaye, tun daga nan ya sa a ransa cewa ƙafarsa ce ba ta da sa'a. Duk ranar wasa sai ya rufe shago, ya je ya zauna gindin wata bishiyar dogon yaro a bayan katangar filin, yana gane yadda ake ciki daga ihun mutane. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Malamai sun ce masa camfi ne, ya ce ya ji, bai kuma fasa ba.

Shekarar da muka kai wasan ƙarshe, wanda in muka ci za mu hau rukunin manya, ita ce shekarar da likita ya ce ganin Baba raguwa zai yi ta yi, babu gyara. Zura zare a allura ma ya fara gagararsa. Tsoro ya kama ni, kada idon ya rufe bai ga abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana so ba. Na lallashe shi, ya ƙi. Amininsa ne ya iya da shi, wani malamin makaranta Kirista, mutumin Filato da ke zaune Sabon Gari, wanda suka daɗe suna zaman gindin bishiyar tare. Ya ce masa shi ma don kara ya bar shiga, kuma ba ya son ya mutu bai ga raga ta motsa ba. Sai Baba ya ce a miƙo masa hularsa.

Har yau in na tuna shigarmu, gani nake kamar a barci abin ya faru. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan ciyawa, shirwa na shawagi can sama, kiɗan kalangu na zuwa yana komawa da iska. Baba ya tsaya a bakin matakala ya kasa gaba. Fuskokin 'yan wasa ba ya ganinsu, sai launin riguna na yawo a kan kore. Ya ce ashe filin ya fi yadda yake ji a kunne girma. Da ya hango tutocinsa suna kaɗawa a ɗaya ɓangaren, sai ya riƙe hannuna.

Aka tashi canjaras, aka koma bugun fenariti. Nan hankalin Baba ya tashi, ya miƙe yana lalubar sandarsa.

"Ku bar ni in hita," ya ce, "kar in ja ma yaran ga."

Amininsa ya riƙe masa gefen riga ya ce, "Tela, zauna. Kai kake bugawa?"

Ya zauna. Ɗan wasanmu na ƙarshe ya buga, ƙwallo ta bi ta saman raga ta wuce. Filin ya yi tsit. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, Baba zai ɗora wa kansa wannan har kabari, kuma ni na jawo.

Mutane suka watse. Yana nan zaune yana kallon ciyawar, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi.

"Duk shekarun da niz zamna waje, ba a bar cin mu ba," ya ce. "Yau ma an ci mu, amma da idona nig gani."

Kafin wasannin shekarar da ta biyo baya su zagayo, idon ya rufe gaba ɗaya. Abin da ranar ta koya mini ke nan: tsoron rashi ba ya hana rashin zuwa, kai kawai yake hana wa ganin abin da kake so tun ido na gani.