Kishimin da Ya Saba da Hijabina

Shekarun baya ne, a ƙarshen wata damina da ta zo a makare ta kuma ɗauke da wuri. Gero ya yi, amma ba na a zo a gani ba. Gyaɗa kuwa sai ganye. Duk ƙauyenmu, nan tsakanin Toranke da Gafasa, ido ya koma kan wake, don shi kaɗai ne bai ba mu kunya ba.

Ina da 'yar gayauna a bayan gari, daf da hurumin da makiyaya ke bi da shanu. Abin da na shuka a cikinta ba waken kasuwa ba ne. Iri ne na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, fari ƙanana mai ɗan ɗigon ja a baki, wanda ba ya cin itace wajen dahuwa. A ɗan tulu ta ba ni shi, cikin toka. Na ƙanwata ƙwari sun cinye, na gidan mahaifina kuma an dafa shi bisa kuskure ranar wani suna. Nawa kaɗai ya rage, kuma shekarar na zuba shi duka a ƙasa, don ya fara daɗewa ina tsoron kada ya mutu a tulu. Idan gayaunar nan ta lalace, waken Inna ya ƙare a duniya ke nan.

Wake ya yi fure, ya fara fitar da 'ya'ya, sai na soma ganin an bi kunya-kunya an tsinke kawunan. Da farko awakin maƙwabta na zarga, Allah ya yafe mini. Ashe kishimi ne, wato namijin barewa, wani tsoho mai ƙaho ɗaya a karkace. Maharba sun daɗe da ƙarar da 'yan'uwansa a dajinmu. Shi da ya rage, ba don ƙarfi ya rage ba.

Maigidana gyaran keke yake yi bayan noma, amma mahaifinsa maharbi ne na gaske. Ya gaji bindigarsa harba-ka-ruga, ya gaji kan burtu, ya gaji labarai masu yawa. Sa'ar ce kawai ba a saka masa a cikin gadon ba. Da na faɗa masa, sai ya miƙe ya gyara hula.

"Kishimi? A gonar matata? Ki tanadi yaji da kayan ƙamshi. Jibi war haka kina suya."

Na ce, "Allah ya sa, Malam. Ni dai wakena."

Ya fara da bukka. Ya sari kara ya kafa ta a gefen gayaunar, ya bar 'yar kafa ta leƙe, ya shiga tun bayan azahar ya zauna. Kishimi ya zo da sanyin la'asar, ya tsaya nesa, ya ɗaga hanci, ya zagaya ta inda iska ke kaɗawa. Malam kuwa mutum ne da ko bayan gida za shi sai ya shafa turare. Dabba ta shaƙi ƙamshi, ta juya abinta. Washegari ya bar turaren, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, wani yana tambayar ko an liƙe masa tayar kekensa. Kuma ya amsa.

Daga nan ya ce laifin ƙasa ne, maharbin ƙwarai daga sama yake farauta. Ya ɗaura gado da itace da igiya a kan wata tsamiya da ke kallon gayaunar. Iskar saman tsamiya kuwa akwai daɗi. Da na je kai masa fura, na hango shi ya jingina da reshe baki buɗe, bindiga a cinya, ga kishimi a gindin bishiyar yana tuƙa a inuwa kamar shi ne maigadinsa. Kishimin ya ga tahowata, ya miƙe a hankali, ya tafi ba gaggawa.

Sai aka ciro kan burtu. Ga waɗanda ba su sani ba, maharba kan ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su riƙa tafiya a durƙushe suna kaɗa kai kamar burtu na kiwo, namun daji su sake da su har su matso. Na mahaifinsa ya daɗe a rataye, gara ta yi masa aiki ta ciki. Malam bai kai tsakiyar gona ba bakin tsuntsun ya ɓalle ya faɗi. Kishimi ya kalli burtu marar baki mai takalmin roba, ya yi tsalle ɗaya ya shige hurumi.

Duk wannan ana yi, wake na tafiya. Kusan rabi ya ƙare. Ban yi faɗa ba, ba halina ba ne, amma akwai ranar da na tsuguna a tsakiyar kunya na ɗan share hawaye.

A lokacin ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci, can na koyi rubutun nan da kuke karantawa. Akwai wani dogon hijabi shuɗi da muke sawa, har ƙasa yake ja. Kullum idan an tashi, ta gayaunar nake biyowa da shi. Sai na lura da wani abu. In ni ce, kishimin ba ya gudu. Yakan ɗago ya dube ni, ya kaɗa kunne, ya ci gaba da cin wakena a gabana. In na yi "kai!" ya matsa kaɗan, in na juya ya dawo. Ya riga ya gane mai shuɗin hijabi ba ta da abin da za ta yi masa.

Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na iya furta ta. Na bari sai da ya ci tuwo ya ƙoshi.

"Malam, da wata 'yar shawara, in ba za ka yi fushi ba."

"Ina jin ki."

"Dabbar nan ba ta tsoron hijabina."

"To?"

"Hijabin kuma dogo ne. Bindiga za ta ɓuya a ciki."

Ya ajiye kofin ruwa. "Ke za ki harba?"

"A'a."

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Can ya gane. "A'uzubillahi! Ni? Da gemuna? In wani ya gan ni, a garin nan zan ci gaba da zama?"

Na ce a hankali, "Marigayi mahaifinka tsuntsu yake zama ya yini a daji, ba wanda ya raina shi. Kai tsakanin la'asar da magariba kawai ake nema. Kuma gobe kasuwar Ajingi, gari ba kowa."

Ya tashi ya shige ɗaki. Sai da safe, yana ɗaure igiyar akuya, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Wankakke ne hijabin?"

Da la'asar muka fita ta bayan gida. A cikin bukkar karan ya zura shi a kan kayansa, ya ja shi har ya rufe gemu, hanci da ido kaɗai a waje. Na koya masa tafiya, don takunsa na masu tura keke ne. Na ɗora masa 'yar ƙwarya a ka. Ni na zauna a bukka ina leƙe ta kafa, shi ya fita, bindiga a ɗure a ƙarƙashin hijabi, bakinta na kallon ƙasa.

Wallahi dabarar ta ci. Kishimi ya fito, ya ɗaga kai, ya ga shuɗin hijabi, ya kaɗa kunne ya sunkuya. Malam na matsawa, yana tsinkar ganye kamar yadda nake yi. Saura ƙiris.

Sai na ji ƙararrawar keke.

Mahaifina ne. Ya taso daga kasuwa, ya ce bari ya ratso ya duba waken marigayiyar matarsa, don ya ji labarin ɓarnar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka ba ya kiran sunana. Ya jingine keke ya ɗaga murya.

"Uwata! Sannu da aiki!"

Kishimi ya ɗago, amma bai gudu ba, ya ɗan ja baya yana kallo. Malam kuwa ya sandare. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Shekara da shekaru bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Jikinsa bai jira shawararsa ba. Ya zame takalmi, ya durƙusa a tsakiyar kunya, ya sunkuyar da kai. Magana ce dai ba dama.

"Uwata, ba kya ji ne?"

Malam ya ƙara sunkuyar da kai.

Baba ya matso. Ya ga kafaɗu na rawa. "Subhanallahi, kuka kike yi? Shi ne ko? Me ya yi miki?"

Malam ya girgiza kai da ƙarfi, ƙwarya ta faɗi.

"Kada ki rufa masa asiri. Halinki ke nan tun kina yarinya, komai ki haɗiye." Baba ya gyara tsayuwa, ya dogara sanda. "Ni ban ce ba shi da kirki ba. Yana da kirki. Amma na sha gaya wa marigayiya, yaron nan kansa ba ya ja. Maharbi! Tun da nake da shi ko zomo bai taɓa kawo mini ba. An ce barci yake yi a kan tsamiya. An ce ya ɗaura mataccen tsuntsu a goshi yana rarrafe, magidanci da 'ya'ya. Ubansa in ya shiga daji sai an kai jaki. Shi kuwa ga dabba can tana kallonmu, waken uwarki a bakinta, yana ina?"

Ya kamata in fito tun a nan, na sani. Na ce wa kaina in na fito kishimi zai gudu. Gaskiyar magana kuwa, na cusa bakin zanena a baki, hawaye na zuba, dariya ta ci ƙarfina. Kuma ban taɓa jin Baba ya yi doguwar magana haka ba, ina son in ji ƙarshenta.

"Ɗago ki dube ni," in ji Baba. "Kai, Uwata, yaushe ƙafarki ta yi wannan kaushi?"

Ya sa ƙugiyar sandarsa ya ɗan ja hijabin ta baya. Malam ya zabura ya riƙe, yatsansa ya faɗa inda bai kamata ba.

Daram!

Allah ya tsare, a ƙasa ta tashi. Ƙura ta turnuƙe, tsuntsaye suka watse daga tsamiya. Baba ya zauna daɓas a kan kunya yana salati. Hayaƙi na fita ta wuyan hijabi, ta hannu, ta ƙasa, kamar an rufe murhu da zane. Kishimi kuwa ban taɓa ganin tsalle irin nasa ba. Sau ɗaya ya waiwayo ya dubi shuɗin hijabin nan, kallon wanda amininsa ya ci amanarsa, sannan ya ɓace.

Na fito da gudu ba mayafi. Baba ya dube ni, ya dubi wadda ke durƙushe. Hijabi ya zame, ga gemu ya yi fari da toka. Malam bai tashi ba, bai ɗago ba. Da 'yar siririyar murya ya ce, "Baba, barka da yamma. An zo lafiya?"

Baba ya miƙe a hankali. Ya laluba hularsa ya kaɗe, ya mayar. Sannan ya ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Ya maigidan naki?"

Ni ce na fara fashewa da dariya. Baba ya biyo, har yana tari. Malam dai ƙasa yake kallo, amma na ga kafaɗunsa sun sake rawa, wannan karon ba ta tsoro ba.

A hanyar gida Baba na tura keke, ya ce da shi, "Abin da ka ji na faɗa, da 'yata nake, ba da kai ba." Ya ƙara da cewa, "Amma wanda zai sa wannan abu saboda waken matarsa, ba zan ƙara cewa komai a kansa ba. Maganar nan ta tsaya mu uku." Ya kuwa riƙe alkawari har ya koma ga Allah. Ni ma sai da na nemi izinin Malam kafin na rubuta. Ya ce in rubuta, amma in faɗa muku saura ƙiris ya samu. To, na faɗa.

Har yau in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne duk wayonmu a kan yadda za mu ɓuya ya ƙare, mu biyu da bukka da tsamiya da tsuntsu. Ashe dabbar ba ɓuya take so a yi mata ba, so take a nuna mata abin tsoro. Rabin waken ya tsira. Na cika tulun Inna na rufe da toka, na auna wa ƙanwata, na kai wa Baba. Bana ma shi na shuka. Kishimin kuma ba a kashe shi ba, kuma can cikin raina ban ji haushin hakan ba. Makiyaya sun ce sun ci gaba da ganinsa a hurumi, sai dai ko matansu ya hango da shuɗin zane, ba ya tsayawa gaisuwa.

Amma a daren ban san haka za ta kasance ba. Na dai shanya hijabin ina duba ƙatuwar ƙunar da ke gabansa, ina tunanin abin da zan gaya wa malamarmu. Da gari ya waye, bayan na ɗora koko, na ɗauke shi ban wanke ba, da warin albarushinsa da komai. Na je gayauna na kafa sanda a tsakiyar wake, na gicciya wata, na zura masa hijabin, na kifa ƙwaryar a sama. Na ja baya na dube shi. Iska ta kaɗa shi kaɗan.

Na ce, "To, Malam, a yi gadi lafiya. In Baba ya zo, ban da gaisuwa."