Ruwan Inna da kifayen Likita

Shekarun baya, a shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, damina ta ɗauke mana gero bai ko fidda kai ba. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can. Ni ina Tasawa, ina karantar da magidanta bayan la'asar, ina rubuta wa mata wasiƙun ajami zuwa ga mazansu da suka tafi cin rani, wanda ya nemi rubutun sha kuma in yi masa. Matata tana jego a gidansu, can Kanan-Bakashe, saboda haka daga ni sai mahaifiyata a gida.

Ina da aboki, tare muka tashi. Shi aka kama shi lakwal, wato makarantar boko, ni aka bar ni da allo, har ya zama majo, babban ma'aikacin jinya, a asibitin gari. Wani Bature mai aikin rijiyoyi, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa akwatin gilashi cike da ruwa, da kifaye a ciki. Ba irin na tabki ba ne. Waɗansu shafaffu ne, da zanen baƙi a jiki, da dogayen fikafikai sama da ƙasa, suna tafiya a hankali kamar attajiri cikin babbar riga. Waɗansu kuma kewayayyu ne kamar faifai, ja da shuɗi. Abokina ba shi da aure a lokacin, kifayen nan su ne iyalinsa.

Da yunwa ta yi ƙarfi, hukuma ta tura shi arewa, wajen Isawan, inda makiyaya suka taru bayan dabbobinsu sun ƙare, ga ƙyanda ta shiga yara. Aka ba wani ɗakinsa. Sai ga abokina wata safiya a ƙofar gidanmu da amalanken jaki, ya rungume gilashin, rabin ruwan ya ƙare a rigarsa.

Ya ce, "Malam, amana na kawo maka. Ba ni daɗewa."

Mahaifiyata ta fito, ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Likita, yaushe za su isa yanka?"

"Inna, ba a cinsu."

"To magani ne?"

"A'a, na kallo ne."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Allah ya shirya lakwal."

Kafin ya tafi ya yi mini bayani. A rage ruwan a kai a kai a zuba sabo, amma ba ɗanyen ruwan rijiya ba, sai wanda ya kwana a randa ya kwanta. Kada rana ta taɓa su. Abinci kaɗan, ko sun yi fuskar roƙo. A ɗakinsa akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai ƴar na'ura mai hura musu iska. Gidanmu ko fitilar ƙwai sai an yi lissafin kananzir. Sai ya kwance famfon kekensa, ya ɗaura masa siririn tiyo, ya ce duk lokacin da na ga sun taso sama suna buɗe baki, in yi ta bugawa har su koma ƙasa.

Na ce na karɓa. Ban san abin da na karɓa ba.

Da zafi ya shigo, kifayen nan ba su da aiki sai tasowa sama suna buɗe baki. Na mayar da su ɗakin ƙasa na ƙurya, na lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu. Ni da ake kira Malam, sai a same ni tsugune daga ni sai wando, ina buga famfon keke cikin ruwa, ina tasbihi da baki tunda hannu ba ya samun carbi. Abincin gwangwanin da ya bari ya ƙare. Na koma bin gindin katanga ina tonon gara, ina tace ƴan tsutsotsin tsohuwar randa da ƙyalle.

Amma wahalar gaske ba tawa ba ce. Rijiyar unguwarmu ta yi nisa ƙwarai, sai an haɗa igiya da igiya, kuma mata kan yi layi tun bayan asuba. Na je sau ɗaya in taimaka, na saki gugar wata mata da igiyarta gaba ɗaya a ciki. Daga ranar mahaifiyata ta ce in zauna wurin littattafaina, kunyar da na ja mata ta isa. Ita ce mai ɗauko tulu, da tsufanta. Duk ranar canjin ruwa takan tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Wanga tulun ma bashi ne. Ka shaida. Ba kai nake bi ba, Likita nake bi. Mutane na neman na alwala, ni ina yi wa kifi wanka."

Ruwan da aka rage kuwa ba ta bari ya zube a banza, gindin zogalenta take kai shi.

Da lokacin shuka ya zo, hadari sai ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Shiru. A nan ne magana ta fara yawo cewa an ɗaure ruwan sama. Kuma wa ke da akwatin gilashi cike da ruwa a ɗakin ƙurya, a lulluɓe, da waɗansu halittu masu zane a ciki? Wa ake gani yana hura musu iska yana motsa baki? Zogalen gidan wa ne kore shar duk unguwa? Ni kaina da na jera abin a zuciyata, sai da na ɗan yi shakkar kaina.

Masu neman rubutu suka ɗauke ƙafa. Wani ya raɗa mini cewa ana shirin kai maganar wurin kwamanda mai mulkin gari, kuma a zamanin nan ba a daɗe ana bincike kafin jandarma su zo da mota.

Bayan fita roƙon ruwa karo na uku, dattawan unguwa suka yi sallama. Wanda ke gabansu wani tsoho ne maƙwabcinmu, abokin marigayi mahaifina, mai zafin kai, ya shigo da taɓarya a hannu.

Ya ce, "Ɗana, ubanka mutumin kirki ne, shi ya sa ba mu wuce da maganar gaba ba. Ka fito da abin nan a fasa shi a tsakar gida, ruwa ya koma inda aka ɗauko shi."

Na ce, "Baba, amana ce aka ba ni."

"Amanar wa ta fi ta gari?"

Na fara jawo ayoyi da hadisai, cewa ruwa a hannun Allah yake, babu mahalukin da ke iya ɗaure shi. Suka ce sun yarda, amma dai a fasa. Na fara tunanin yadda zan dubi abokina in ce masa an fasa iyalinsa da taɓarya.

Sai mahaifiyata ta fito daga madafa. Ita da ba ta taɓa faɗin alheri ɗaya a kan kifayen nan ba, ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta zame ɗankwalinta kaɗan, ta nuna musu tsakar kanta inda gammo ya cinye gashi.

Ta ce, "Kun ga nan? Nan ne hadarin da ruwan gilashin nan ya zubo. Babu ɗigo ɗaya a ciki da ban ɗauko a kaina daga rijiya ba, matanku shaida ne, bayansu nake bi a layi. In da ɗan nan ya iya ɗaure ruwan sama, ai da ya fara kwance wa uwarsa tulu guda. Mutumin da guga ma ta fi ƙarfinsa! Kuma ni bashi nake bin mai kifayen. In kun fasa, kai za ka biya ni?"

Wani daga baya ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Tsohon ya ce to aƙalla a bar shi ya ga abin da idonsa. Na yaye buhun.

Ya tsuguna, taɓaryar a gefe. Ɗaya daga cikin masu babbar riga ya taho a hankali har bakin gilashi, ya tsaya daidai hancinsa. Suka dubi juna.

"Mi suke ci?"

"Gara, Baba."

"Ba su faɗa?"

"Wancan yakan kori wannan."

"Ai na gani. Azzalumi ne, dubi idonsa."

Sauran dattawan suka gaji suka watse, shi yana nan har aka kira azahar. Washegari ya dawo da gara a cikin ɓawon goruba. Kafin mako ya zagayo ya ƙwace famfon daga hannuna, wai ban iya bugawa ba, ina firgita su. Daga baya mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, su zauna suna kallo. A shekarar da duk inda ka duba ƙasa ce ja da ƙasusuwan shanu, ashe ido ma yana jin ƙishirwa.

Masu faifai ba su jure ba. Zafi ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, guda ya rage. Da na farko ya mutu na ce mushen kifi halal ne, kuma shekarar yunwa ce. Tsohon ya harare ni ya ce, "Kai kana iya cin wanda kuke gaisawa kullum?" Shi ya binne shi a gindin zogale.

Ruwa ya sauka a lokacin da Mai shi ya so, gilashi na nan lafiyarsa lau. Mahaifiyata ta tari na indararo ta zuba musu, sai ga masu babbar riga sun jera ƙwai a jikin gilashin.

Abokina ya dawo bayan an yi girbi, ya rame, ba ya son a tambaye shi abin da ya gani a arewa. Ya zauna gaban kifayensa yana kallonsu. Na fara ba shi haƙurin masu faifai, ya ɗaga mini hannu. Sannan ya kawo wa mahaifiyata turmin atamfa da sukari. Ta karɓi sukarin, ta karɓi atamfar, ta ce, "Na gode, amma wannan gaisuwa ce. Ruwa na ba ka, ruwa nake bi."

Ya ce zai sa ɗan garuwa ya cika mata randuna. Ta ce ita ba ɗan garuwa ta sa ba. Ya ce to shi zai je da kansa. Ta ce yanzu da rijiya ta cika, ko yaro ya ja? Ya bari sai ranar da take buƙata. Haka abin ya zama gaisuwarsu shekara da shekaru, har ya yi aure, har ya yi furfura. In ya shigo ta ce, "Likita, ina ruwana?" Ya ce, "Inna, ana ja."

Ni abin da na tsinta a ciki shi ne, amanar da na karɓa da baki, wata ce ta ɗauke ta da ka. Har yau in wani ya ce zai ba ni ajiya, nakan fara duban mutanen gidana kafin in amsa.

Ranar da Allah ya karɓi ran mahaifiyata, da hantsi, mata suka ce a aika a kawo ruwan wanka. A lokacin akwai famfo a bakin titi. Abokina ya ce kowa ya zauna. Ya tuɓe farar rigarsa ta aiki, ya ɗauki tsohon tulunta da gammo, ya tafi rijiyar nan. Muna zaune a ƙofar gida muka hango shi tafe, ruwa na zuba masa a wuya, don bai taɓa iya ɗaukar tulu ba. Ya wuce mu, ya sauke shi a bakin ɗakinta, ya ce, "Inna, ga ruwanki."

Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga tafkin Alkausara.